Malam A'a da Filin Giyayya

Mahaifina magini ne, shekara arba'in da ɗoriya yana ɗora bulo. Amma in ka shigo unguwarsu ka ce kana neman magini, sai a tambaye ka wanne. Ce kana neman Malam A'a, kowa zai nuna maka ƙofar. Sunan nan ba a banza ya same shi ba. A ce masa a rage siminti a ƙara yashi, ya ce a'a. A ce rodi huɗu sun isa inda ya ce shida, ya ce a'a. A ce a ɗora rufi yau tunda linta ta kwana biyu, ya ce a'a, ya naɗe igiyarsa, ya wanke cokalin gininsa, ya hau keke ya yi gida. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Wannan ne ma ya fi ƙona rai, don mutumin da ba ya hayaniya ba ka da inda za ka kama shi.

Ni ce 'yarsa ta uku. Umma takan ce duk cikinmu ni na kwaso taurin kansa, sai dai ni na haɗa da baki. Ban taɓa musawa ba.

Baba yana da wata ɗabi'a da masu ba shi aiki ke yi wa dariya. In an kai shi fili, ba ya fara fiddo tef. Keke zai jingine, ya goya hannu a baya, ya dinga zagaye yana kallon itatuwa kamar mai cigiyar akuya. Mai fili na tsaye da takardar zane rana na gasa shi, Baba na can yana murza ganye yana sansanawa. In aka yi masa magana sai ya ce, kai jiya ka zo, dillalinka shekaranjiya, itacen nan kuwa ya yi damina talatin a wurin, wa ya kamata in fara tambaya? In ya ga ƙirya ko kaɗanya hankalinsa ya kwanta, don waɗannan ba sa zama inda ruwa ke kwanciya. In kuwa ya ga giyayya, to mai fili ya nemi wani maginin.

Wanda bai san giyayya ba, ba wata ƙatuwar bishiya ba ce. Sau da yawa ba ta ma da jiki ɗaya, daga ƙasa take rabuwa gida biyar ko shida. Sabon ganyenta ja-ja ne kafin ya koma kore. Furenta dunƙule-dunƙule ne, fari, mai ƙamshi, ƙudan zuma ba sa barinsa, in ya bushe kuma sai ya zama 'yan baƙaƙen ƙwallaye da ke maƙale a reshe har rani ya yi nisa. Ba ta tsira a kan tudu. Wurinta bakin tafki ne da fadama da kwari, inda ruwa ke zuwa ya kwanta wata biyu ko uku, ya tafi ya bar baƙar laka tana tsattsagewa. Ita wannan zaman bai dame ta ba, ta tsaya da ƙafa cikin ruwa duk damina ta fito lafiya lau. Bulo ne ba zai iya ba.

Baba bai koyi wannan a makaranta ba. Ginin farko da ya yi da sunansa, bayan ya bar hannun maigidansa, shagon wani tela ne, a gindin giyayya uku. Ya sare su da hannunsa yana murna. Damina ta biyu bango ya kwanta a kan keken ɗinkin mutumin, ya murƙushe shi. Ba wanda ya ji ciwo. Telan bai kai ƙara ba, bai zage shi ba, kullum suka haɗu ma shi ke fara gaisuwa. Umma ta ce gaisuwar nan ce ta hana Baba sukuni shekara da shekaru, da zagi ne da tuni ya wuce.

To, nawa labarin. Shekara goma sha huɗu muka yi a gidan haya ni da baban yara. Ɗaki biyu, famfo ɗaya mu gida shida, da wata mai gida wadda in ɗanka ya yi tari sai ta leƙo ta ji ko bangonta ya taɓa. Baban yara direba ne, motar ma'aikata yake ja, mutum mai haƙuri, ba ruwansa da kowa. Ranar da ya shigo da takardar fili a hannu, wallahi rawa na taka a tsakar ɗaki, yara na kallona kamar na zautu. Sabuwar unguwa ce a bayan gari. Filin shimfiɗe kamar tabarma, an share shi tas, ko ciyawa babu. Da rani ne.

Ban taɓa tunanin wani zai gina mini gida ba in ba Baba ba. Shi ya gina wa Yaya nata, shi ya gina wa ƙanena. Tun ina ƙarama nake kai masa abinci wurin aiki ina cewa a raina wata rana nawa zai yi. Muka ɗauke shi muka kai shi, har na sa sabon mayafi.

Ya goya hannu a baya ya fara zagayensa. Baban yara ya yi dariya ya ce, "Baba, yau ka huta, babu itacen da za ka tambaya." Baba ya ci gaba da zagayensa. Ya je kusurwar gabas inda aka zuba yashi, ya tsaya, ya sa ƙafa ya ture. Sai ga kututture, baƙi ƙirin, an sare an ƙona an binne. A gefensa wasu 'yan jajayen ganye sun leƙo, ko tsawon yatsa ba su kai ba. Ya yi gaba ya sake turewa, ga wani. Kututture tara ya tono. Ya durƙusa ya tsinto baƙaƙen ƙwallayen nan ya buɗe mana tafin hannunsa.

"Giyayya ce," ya ce.

"Ai an sare su, Baba," in ji baban yara.

"An sare itacen. Ruwan wa ya sare?"

Baban yara ya shiga lallashi. Ga maƙwabta can sun gina, ga makaranta an ce za a yi, za a yi ciko da jar ƙasa, za a ɗaga harsashi. Baba ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce lakar nan da damina kumbura take yi, da rani ta tsuke, kullum tana ja tana saki, kuma duk abin da aka ɗora mata da shi za ta yi ta wannan ja da sakin. Ya ce masu manyan injuna sukan kafa ginshiƙai su wuce lakar har su taɓa ƙasa mai tsauri, amma wannan ba aikin igiya da cokali ba ne, kuma ba na mai jan motar ma'aikata ba ne. A mayar wa dillali filinsa. Ya kakkaɓe hannu ya koma mota ya zauna.

Dillalin kuwa da aka je, cewa ya yi shi fili ya sayar, bai sayar da tarihin itace ba.

Na bar kwana uku, zuciyata na tafarfasa, sannan na je gida ni kaɗai. Na same shi a zaure yana kankare busasshen siminti daga jikin kwanon sarki.

"Baba, ni ce fa," na ce.

"Don ke ce."

"Ka gina wa Yaya. Ka gina wa mutanen da ko gaisuwar kirki ba su iya ba. Shekara goma sha huɗu ina layin famfo, sai da nawa ya zo za ka tsaya a kan guntun itace?"

"Ki ƙara haƙuri, a sami tudu, ko rabin wannan ne. Ni zan gina, ni zan yi lebura."

"Haƙurina ya ƙare, Baba. Za a gina, da kai ko ba kai."

Umma na leƙe daga tsakar gida tana yi mini alama da ido in yi shiru. Ina! Bakina ya riga ya buɗe. Baba ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni.

"To ki ji tun yanzu, kada ki ce ban faɗa ba. In an gina, ƙafata ba za ta shiga ba. Ba fushi ba ne. Duk garin nan an san ba na zama ƙarƙashin ginin da ban yarda da shi ba. Ranar da aka gan ni zaune a falonki, gobe mutum goma za su sayi filayen da ke kewaye da ke, su ce ai Malam A'a ma yana shiga. Ba zan ja mutane cikin ruwa da ƙafata ba."

Na ce masa ya riƙe ƙafarsa, ba na buƙata. Ƙarya nake yi, kuma ya san ƙarya nake yi.

Muka ɗauko wani magini da ake kira Nan-da-nan. Sunansa ya bi shi, wata huɗu ya miƙa mana makulli. Ɗaki uku da falo, kicin da taga mai kallon titi, famfo nawa ni kaɗai. Ranar da muka tare kowa ya zo, Umma, Yaya, ƙannena, har tsohuwar mai gidan hayarmu ta zo ganin ƙwaf. Baba ma ya zo. Ya tsayar da keke a tsallaken titi, ya kaɗa ƙararrawa, ya aika a kira ni. Ya ce Allah ya sa albarka, Allah ya tsare. Na ce amin ina cije leɓe. Ya juya ya tafi.

Haka muka yi shekara shida. Duk Asabar da hantsi za a ji ƙararrawar kekensa, yara su kwasa da gudu, ya raba musu alewa a bakin titi. Ni kuma in fito da ruwa a kofi kamar mai shayar da matafiyi. Maƙwabta na kallo. Wata har ta taɓa tambayata wai ko tsohon nan bara yake zuwa yi. Na ce mata ubana ne, kuma shi ya gina asibitin da aka haife ta, ta rufe mini baki. Ban san ko shi ya gina ba, amma ta rufe.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne haihuwar auta. A gidan na haife ta. Baba ya zo, ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ina jego, jikina duk a mace, na naɗe jaririyar a zane na tsallaka titi na miƙa masa. Ya karɓa, ya yi mata addu'a, idanunsa suka kawo ruwa. Na ce, "Baba, taku goma ne." Ya ce, "Na ƙirga, sha biyu ne." Na karɓe 'yata na koma ciki. Daga nan har tsawon wata uku, in ya zo yara kawai nake turawa da ruwan.

Damina biyu na farko ruwa bai yi yawa ba. Gida ƙalau. Baban yara, wanda ba ya tsokanar kowa, har ya koyi tsokana. In an yi yayyafi sai ya leƙa taga ya ce, "Ku fito da kwalekwale, tafkin Baba ya iso." Ni ce mai dariyar da ta fi ta kowa ƙarfi. Ina so Baba ya zama ya yi kuskure, ina so ƙwarai, ko sau ɗaya a rayuwarsa.

A damina ta uku gindin bango ya fara jiƙa, kamar tsawon tafin hannu. Fenti ya kumbura ya fara ɓarewa. Sai wata safiya ina shara na ga ɗan jan ganye ya fito ta tsagar siminti a tsakar gida, kusa da wurin wanki. Na tsaya ina kallonsa, na gane giyayya ce. Na sa wuƙa na yanke. Bayan sati biyu ya dawo da 'yan uwansa. Na zuba masa tafasasshen ruwa, na zuba kananzir, na zuba baƙin mai da baban yara ya kawo daga gareji. Ya yi kamar ya mutu, damina na dawowa ya sake leƙowa. Ni da itacen nan mun sha dambe, kuma ban gaya wa kowa ba.

Na koma sayen fenti. Duk ƙarshen damina sai in sa a shafe gindin bangon waje da ruwan ƙasa mai duhu, don kada mai keke ya ga inda laima ta kai. Kowace shekara sai an ɗan ƙara wa fentin tsawo. Baba zai zo ranar Asabar, ya dubi bangon, ya ce, "An yi sabon fenti." In ce eh. Ya ce, "Ya yi kyau." Shi ke nan. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ƙofofi suka fara gardama. Da damina su ƙi rufuwa, da rani su ƙi tsayawa a rufe. Baban yara ya kira kafinta ya fere su, ya sake ferewa. Tsaga ta fito a ɗakin yara daga kusurwar taga ta gangara. Nan-da-nan ya zo ya cusa siminti ya shafe, ya ce gini ne ke zama. Ta sake buɗewa, ya sake zuwa. Karo na uku ya daina ɗaukar waya.

A shekara ta shida aka yi ruwa kwana uku ba ƙaƙƙautawa. Namu ruwan ba ta ƙofa ya shigo ba, ba ta rufi ba. Ta ƙasa ya ɓullo, ta tsakanin tayil, a hankali, har ya rufe idon sawu. Muka ɗora kaya a kan tebur da gado. Bayan sati ya janye, na wanke gida, na ce an wuce wurin. Amma tsagar ɗakin yara ta buɗe har ina zura hannu, ina hango bangon maƙwabci. Wata la'asar na tashi auta daga barci don in yi mata wanka. Ko banɗaki ba mu kai ba na ji rim! Na koma na tarar da filastar bango, guntu kamar faifai, a kan filon da ta ɗaga kai yanzun nan.

Baban yara ya dawo daga aiki ya gani. Ya zauna a bakin gadon yana kallon filon. Na san ba zai iya zuwa wurin Baba ba, kunya ba za ta bar shi ba. Na ja mayafi na tafi.

Baba ya tsufa a lokacin, ya daina hawa bango, sai dai a zo a ɗauke shi ya duba aiki. Na same shi a zaure. Ban yi doguwar gaisuwa ba.

"Baba, bango ya tsage."

"Na sani. Tun bara ƙofarki ke jan ƙasa, daga titi nake jin ta."

"Ya kusa faɗo wa auta."

Ya runtse ido.

"Yaran su kwana nan yau," ya ce. "Gobe da safe ina zuwa."

Washegari da hantsi na ji ƙararrawa. Na ɗebo ruwa a kofi don sabo, na nufi ƙofa. Sai na ji sallama, a bakin ƙofata, ba a tsallaken titi ba. Kofin ya kusa suɓuce mini. Ga Baba da babbar riga fara sol, wadda yake sawa in zai je wurin manya, da hula sabuwa. Ya cire takalmi a bakin ƙofa duk da ƙasan da sauran danshi. Ya shigo.

Bai dubi tsaga ba, ko sau ɗaya. Ya gaisa da baban yara hannu bibbiyu. Ya zauna a kujerar falo ya jingina, ya ce kujerar na da daɗi. Ya tashi ya bi hotunan bango ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wannan a ina aka ɗauka. Ya shiga kicin ya ga yadda na jera tukwane, ya leƙa ta tagar ya ce, "Ashe daga nan kike hango ni." Ya buɗe famfo ya rufe. Na dafa masa shayi, na kawo abinci, ya cinye tas har ya nemi ƙari, shi da ba ya ƙari a gidan kowa. Ya ce, "Kin iya riƙon gida, 'yar nan. Kin fi uwarki, amma kada ki gaya mata." Na yi dariya har da hawaye. Ina ta shiga ina fita kamar yarinya, na rasa me zan ƙara kawo masa. A raina na ce shi ke nan, tunda ya shigo zai gyara.

Da ya wanke hannu, baban yara ya matso ya rage murya.

"Baba, in aka yi masa ginshiƙi ta waje, aka ɗaure da rodi, ba zai riƙe ba?"

"Zai riƙe har damina mai zuwa. Wanne daga cikin yaran za ka kwantar a ɗakin?"

Baban yara ya sunkuyar da kai.

"Na share muku ɗaki biyu a gidana," in ji Baba. "Kwano da katako da ƙofofi da tagogi lafiyarsu lau, ba su yi laifin komai ba. Za mu cire su a hankali mu adana. Ranar da aka sami tudu, rabin gida na hannu."

Sai a lokacin na gane. Na miƙe tsaye.

"Shekara shida ina roƙonka ka shigo, Baba. Shekara shida! Yau ka shigo, ka ci abincina, ka yaba mini ɗaki, ashe rushewa ka zo yi?"

"Eh," ya ce. "Amma na so in fara ganinsa yadda kika gyara shi."

Ya miƙe ya cire babbar rigar, ya ninke ta da kyau ya ɗora a kan kujera. Ashe a ƙasa tsohuwar rigar aikinsa ce, mai tabon siminti. Ya fita ya kwance jakar kayan aiki daga bayan keke. Maƙwabta sun riga sun taru a titi, labari ya zaga cewa Malam A'a ya shiga gidan 'yarsa. Ya dawo ya buɗe ƙofar gidan gaba ɗaya ya tokare ta da dutse, yadda duk mai ido zai ga abin da ake yi a ciki.

Ƙofar ɗakina ya fara nufa. Ya durƙusa da kyar, gwiwa na ƙara, ya sa sukundireba a ƙusar ƙasa. Hannunsa bai da ƙarfin da. Ya murɗa, ta ƙi, ya sake murɗawa ta motsa. Ina tsaye a kansa ina kuka ina faɗa masa maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Na ce bai taɓa son in ji daɗi ba. Na ce ya fi son itace a kan 'yarsa. Ya bar ni na yi ta yi har muryata ta dushe.

Da ya kai ƙusa ta ƙarshe ƙofar ta fara rinjaya, ta yi kansa.

"Riƙe nan," ya ce.

Na share fuska da gefen mayafi, na sa hannu biyu na riƙe masa ƙofar.